Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Lafiya: Tsakanin Kango da Dawanau Babu Likita

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a, Farfesa Muhammad Ali Pate.

Ranka ya daɗe, na rubuto maka ne a kan tabar wiwi da ɓarnar da take yi wa 'ya'yanmu da ƙannenmu. Wani zai ce ofishin shugaban hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya kamata wasiƙa irin wannan ta nufa, amma da gangan na aiko ta ma'aikatarka. Tun daga dokar soja ta 1966 da ta tsananta hukuncin wiwi har zuwa kafa NDLEA a 1989, mun saba kallon wannan ganye a matsayin aikin masu kaki: a tare mota a hanyar Okene zuwa Lokoja, a cinna wa gona wuta a dazukan Ondo da Edo, a jera buhuna a gaban 'yan jarida. Aiki ne da ya wajaba, ban raina shi ba. Sai dai yaron da ya fara zuƙa a kangon unguwa yana ɗan shekara 15, wannan aiki ba ya isa inda yake. Daga ranar da ya fara zuwa ranar da 'yan uwansa suka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware, hannu a ɗaure, yana ta surutai, galibi shekaru ne suke wucewa. A tsawon waɗannan shekaru da wuya a sami ma'aikacin lafiya ɗaya da ya zaunar da shi ya tambaye shi abin da yake sha. Wannan giɓi shi ne abin da ya dame ni, kuma a ƙarƙashin ma'aikatarka yake.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye, ban da giya da sigari, a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Masu shan tramol da danginsa miliyan 4.6 ne, masu shan maganin tari mai kodin kuwa miliyan 2.4. A jihar Kano kaɗai an ƙiyasta masu shaye-shaye sun haura miliyan ɗaya. Kowa ya tuna yadda ƙasar nan ta tashi tsaye a 2018 bayan fim ɗin BBC a kan kodin, har gwamnati ta haramta haɗa shi da shigo da shi cikin 'yan kwanaki. Masu shan wiwi sun ninka masu shan kodin fiye da sau huɗu, amma ba a taɓa yi mata irin wannan tashi ba a ɓangaren lafiya. Binciken ya ce matsakaicin shekarun fara shanta 19 ne, abin da ke nufin ɗimbin yara suna farawa ƙasa da haka, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shanta ta riga ta kama shi.

Shekarun farawar nan su ne jigon maganar. Kai likita ne, ka fi ni sanin cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma sashen da ke zuwa ƙarshe shi ne na gaban goshi, wanda ke auna abin da zai biyo baya, ya ja wa mutum burki, ya tsara masa gobe. Jiki da kansa yana samar da wasu sinadarai masu kama da na wiwi, kuma suna cikin abubuwan da ke daidaita yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke haɗuwa a wannan lokaci. Sinadarin THC, wanda shi ne mai bugarwa a cikin wiwi, a mazauninsu yake zama, da ƙarfin da ya fi nasu, ya kuma fi su daɗewa. Ruwan da zai sauka a kan busasshiyar katangar ƙasa ya gangare, shi ne zai zaizaye wadda ba ta bushe ba. Alƙaluma sun tabbatar da haka: cikin dukan waɗanda suka taɓa shan wiwi, kusan kashi 9 cikin ɗari ne take kamawa, idan da ƙuruciya aka fara, sai ya koma kusan ɗaya cikin shida, masu shanta kullum kuwa, tsakanin kwata da rabinsu. Matasa kan ce wiwi ba ta kama mutum kamar ƙwaya, in ya ga dama gobe zai daina. Wanda ya saba kullum ya gwada bari zai gamu da rashin barci, da saurin fushi, da ƙin abinci, da ƙuncin rai na mako ɗaya zuwa biyu, kuma a cikin kwanakin nan ne mafi yawansu suke komawa majalisa, saboda ba wanda ya taɓa gaya musu cewa wahalar tana da iyaka kuma tana wucewa.

Abin da ya fi tsoratar da iyaye shi ne taɓin hankali, kuma tsoronsu yana da tushe. A 1987 masu bincike a Suwidin suka fitar da sakamakon bin diddigin samari 45,570 da aka ɗauka aikin soja, har tsawon shekara 15. Waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 kafin a ɗauke su sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba sau shida wajen kamuwa da sikizofiriniya, ciwon nan da mutum ke jin muryoyin da babu su, yana zargin mahaifiyarsa da sa masa guba a abinci. A 2019 wani bincike da aka yi a wurare 11 a Turai da Burazil ya kwatanta mutum 901 da hankalinsu ya fara gushewa da wasu 1,237 masu lafiya. Mai sha kullum haɗarinsa ya ninka sau uku. Mai shan mai ƙarfi kullum, wato wadda THC ɗinta ya kai kashi 10 ko fiye, ya kusa ninkawa sau biyar. A 2023 masu bincike a Danmak suka duba bayanan asibiti na mutum kusan miliyan 7, suka ƙiyasta cewa a cikin maza masu shekara 21 zuwa 30, har kusan kashi 30 na masu wannan ciwo da wataƙila ba su kamu ba in da wiwi ba ta kama su ba. Maza ne, kuma matasa ne, irin waɗanda suka cika majalisun unguwanninmu da tashoshinmu. Ban da wannan, wani nazari na 2019 da ya tattara bincike da dama ya danganta shan wiwi da ƙuruciya da ƙaruwar ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai bayan an girma. Tari mai majina da ba ya jin magani, da haɗarin hanya ga direba ko ɗan acaɓa da ya yi caji kafin ya hau, da haihuwar jariri maras nauyi ga mai cikin da take sha, duk an tabbatar da su, ba sai na tsaya a kansu ba.

Akwai masu ja da wannan, kuma ba duka maganarsu ce ta banza ba. Sukan ce ga wane yana sha shekara talatin, yana sana'arsa, yana riƙe da iyalinsa. Gaskiya ne, mafi yawan masu shan wiwi ba sa haukacewa, kamar yadda mafi yawan masu shan sigari ba sa kamuwa da kansar huhu, amma ba likitan da ke cewa sigari ba ya kawo ta. Wasu masana kuma kan ce wataƙila wanda ciwon ke ɓoye a jininsa shi ne tun farko ya fi karkata ga sha, don haka wiwi alama ce kawai. Gado yana da hannu, ba shakka. Amma haɗarin yana hawa ne gwargwadon yawan sha da ƙarfin abin da aka sha, yana nan ko bayan an cire tasirin sauran ƙwayoyi da halin gida, kuma an ga THC da aka ba masu lafiya a ɗakin gwaji ya jawo musu zargi da ruɗu na ɗan lokaci. Ko da ma an yarda cewa masu gado ne kaɗai ke cikin haɗari, yaro ɗan shekara 15 bai san abin da ya gada ba, a gidajenmu kuma ba a cika faɗa wa yara cewa wani kawunsu ya taɓa samun taɓi ba. Inda hujja ba ta da ƙarfi kuma ya kamata a faɗa. Binciken Dunedin na ƙasar New Zealand, wanda ya bi mutum 1,037 tun daga haihuwa har shekara 38, ya sami raguwar kaifin basira har kusan maki 8 ga waɗanda suka fara da ƙuruciya suka ɗore, amma binciken da aka yi a kan tagwaye daga baya bai goyi bayan wannan sosai ba. Abin da ba a jayayya a kai shi ne mai sha kullum ba ya riƙe karatu, hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma yaron da ya shafe shekarun sakandare a haka ya yi asarar da ba ta buƙatar gwajin basira kafin a gan ta.

Hujja ta biyu da ake ji a bakin samari, musamman masu waya a hannu, ita ce ai ganye ne Allah ya halitta, magani ne, Turawa ma sun halatta. Kanada ta halatta a 2018, Jamus ta sassauta a 2024, Yurugwai tun 2013, amma babu ɗaya cikinsu da ta halatta wa ɗan ƙasa da shekara 18, saboda dalilin da na ambata a sama. Tailan ta saki wiwi a 2022, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Maganin farfaɗiyar yara da Amurka ta amince da shi a 2018 daga wani sinadari na daban aka yi shi, wanda ba ya bugarwa, ana auna shi da sirinji ana ɗigawa a baki, ba naɗawa ake yi a zuƙa ba. Sannan ganyen da ake magana a kai ya canza. A Amurka, wiwin da hukuma ke kamawa THC ɗinta kusan kashi 4 ne a 1995, zuwa 2014 ya kai kusan kashi 12. A nan gida, sanarwar NDLEA ta mako-mako cike take da sunaye irin su Loud da Colorado, na farkon wiwi ce da aka yi wa kiwo don ƙarfi ake shigo da ita daga waje, na biyun kuma galibi ganye ne da aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a masana'anta. Inda wannan hanya take kaiwa mun gani a Saliyo, inda irin wannan gaurayen ganye da ake kira kush ya sa Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a watan Afrilun 2024. Dattijon da ke cewa a zamaninsu an sha ba a haukace ba, ba abu ɗaya yake magana a kai da abin da jikansa ke saya ba.

Yanzu a dubi inda iyaye ke kai yaro idan abin ya bayyana. Uwa ta ga ɗanta ya daina wanka, ya daina cin abinci da mutane, yana dariya shi kaɗai. Abin da ke fara zuwa a ranta sammu ne ko iska, sai a nemi mai ruƙiyya ko mai magani. Ban zarge ta ba, abin da ke kusa da ita ta kama. Idan ta gane shaye-shaye ne, sai kunya ta shigo, ga kuma tsoro, domin dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da kayan maye, ko da alƙalai sukan sassauta. Wace uwa ce za ta kai ɗanta wurin hukuma da hannunta tana jin haka? Sai a ɓoye, har abin ya gagara, daga nan a kai shi gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, jikinsu duk tabon duka. Makonni kaɗan bayan haka aka ga irinsa a Daura. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da kansu, suna biyan kuɗi, saboda shaye-shaye. An rufe gidajen, an yi Allah wadai, amma buƙatar da ta cika su ba ta gushe ba, kuma ba a buɗe wa iyayen wata ƙofar a kusa da su ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Haƙƙin nan ba zai isa ga ɗan Rimin Gado ko ɗan Misau ba muddin wurin neman taimako ɗaya ne tak, babban asibitin ƙwaƙwalwa mai nisan tafiya, wanda sunansa kaɗai ya isa ya hana yarinya miji ko saurayi mata.

Na san amsar da za a ba ni daga ma'aikata: likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, wasu ma suna ta ficewa waje, ga zazzaɓin cizon sauro da mutuwar mata wajen haihuwa suna jiran kuɗin da bai isa ba. Duk gaskiya ne. Amma har yau babu wata ƙwaya ko allura da aka amince tana raba mutum da wiwi. Abin da bincike ya nuna yana aiki magana ce: a tambayi matashi ba tare da tsawa ba, a taimaka masa ya ga abin da shan yake ci masa, a koya masa yadda zai tsallake kwanakin farko da yadda zai kauce wa wurin da abokan da ke jawo shi, a sa iyayensa a ciki, a ba shi ranar dawowa. Wannan ba sai ƙwararren likita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin mhGAP tun 2008 domin ƙasashe irin namu, don malamin asibiti da nas da jami'in lafiya na karkara su iya gane matsalar, su kula da mai sauƙi, su tura mai tsanani gaba, kuma Nijeriya ta riga ta karɓi tsarin ta daidaita shi da yanayinta. Ma'aikatarka tana kan gyara asibitocin sha-ka-tafi da sake horar da ma'aikatansu, ga asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar 2014 ta kafa. Roƙona shi ne a shigar da wannan cikin horon da ake yi yanzu, a kuma sa shi cikin ayyukan da asusun ke biya, ta yadda saurayin da ya zo da tari ko rashin barci ko raunin faɗuwa a babur za a yi masa tambayoyi uku ko huɗu kafin ya fita. Kuɗin yi wa mutum ɗaya wannan bai kai na kwantar da shi wata uku a ɗakin masu taɓin hankali ba, balle asarar gidan da ya rasa mai ciyar da shi.

Wasu za su ce wannan matsalar tarbiyya ce da talauci, wa'azi da aikin yi ne maganinta. Malamanmu sun daɗe suna faɗa a kan mumbari cewa duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, kuma yaran sun sani. Wanda abin ya riga ya kama, sanin haramcin yakan ƙara masa ɓuya ne kawai idan ba a nuna masa hanyar fita ba. Zaman banza kuwa lalle yana ciyar da shaye-shaye. Ƙasar Aisland ta nuna haka: ta cika wa yara lokacin bayan makaranta da wasanni da sana'o'in hannu, ta jawo iyaye ciki, sai yawan 'yan shekara 15 da 16 da suka taɓa shan wiwi ya sauko daga kashi 17 a 1998 zuwa kashi 7 a 2016. Amma ba sai mun je nesa ba, ranka ya daɗe, domin kai ka riƙe hukumar lafiya a matakin farko lokacin da aka shigo da sarakunan Arewa cikin yaƙi da shan inna, da goyon bayan Mai Alfarma Sarkin Musulmi, bayan ƙauracewar da aka yi wa rigakafin a 2003. Yaran da cutar ta kama suka sauko daga 798 a 2008 zuwa 21 a 2010. Abin da ya yi aiki a lokacin shi ne hakimi da dagaci da mai unguwa da liman sun san gida-gida, kuma an ba su bayani na gaskiya da wurin da za su tura mutane. Mai unguwa ya san kowane kango da ake taruwa a cikinsa, ya san 'ya'yan wane ne. Abin da ba shi da shi shi ne wurin da zai kai yaro wanda ba ofishin 'yan sanda ba. Bayanin da za a ba su kuma, da wanda za a sa a rediyo da Hausa, ya zama daidai da abin da bincike ya nuna. Idan aka ce wa saurayi zuƙa ɗaya hauka ce, ya duba ya ga abokinsa lafiya lau, ba zai ƙara yarda da komai daga bakinmu ba. Idan aka ce masa haɗarin yana ga fara sha da wuri, da sha kullum, da shan mai ƙarfi, kuma ya fi tsanani ga wanda ke da mai taɓin hankali a danginsa, wannan magana ce da zai iya gwadawa da abin da idonsa ke gani.

Ba ina kiran a halatta wiwi ba ne, kuma ban nemi a sassauta wa dila ko mai gona ba. Ina roƙon ka zauna da shugaban NDLEA da Ministan Shari'a a samar da ƙa'ida a rubuce, wadda kowa zai ji a rediyo, cewa yaron da iyayensa suka kawo asibiti, ko wanda aka kama da ɗan ƙullin da zai sha, wurin ma'aikacin lafiya za a fara kai shi, kuma abin da ya faɗa a can ba zai zama shaida a kansa ba. Masu tsoron kada wannan ya buɗe ƙofa su dubi abin da gidan yari ke yi wa ɗan shekara 17: yana shiga da ƙulli ɗaya, yana fitowa da sanin manyan diloli da tabon da zai hana shi aiki. NDLEA ma da kanta tana da ɗakunan ba da shawara da layin waya na kyauta, alamar ta gane kamu kaɗai bai wadatar ba, sai dai ba ta da asibiti a kowace mazaɓa. Ma'aikatarka da jihohi ku ke da su.

Akwai kuma abin da ke buƙatar umarninka kai tsaye. Alƙaluman da na kawo na gida sun tsufa, an tattara su ne kafin Loud da Colorado su yaɗu haka, kuma binciken daga shekara 15 ya fara ƙirga, don haka ɗan shekara 12 da ke yi wa manya aike a tasha yana karɓar guntu a matsayin lada ba ya cikin lissafi. A sake binciken, a sauko da shekarun, a shiga wurin yaran da ba sa zuwa makarantar boko, a kuma riƙa kai samfurin abin da NDLEA ta kama ɗakin gwaji ana auna ƙarfinsa da abin da aka gauraya masa, ana sanar da asibitoci sakamakon, domin likitan da aka kawo wa yaro cikin dare yana fizge-fizge ya san da me yake fama.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka. Wassalam.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Arewa